Ranar da Iya Gana Ta Yi wa Surukinta Wanka

Duk wanda ya yi noman rani a fadamar da ke kudu da Haɗeja ya san Iya Gana, Allah ya jiƙanta. Ita ce uwar 'yan tsinka. Idan tattasai ya nuna, mai gona ba ya bin gida-gida neman mata, wurinta yake zuwa, don ita ta san wadda hannunta ke da sauri da wadda bakinta ya fi hannunta aiki. Gajeriya ce, da tsagen Barebari a kumatu wanda tsufa ya fara shafewa, ga murya. Idan ta ɗaga ta a wannan gaɓar, masunta a waccan gaɓar sai sun waiwayo. Ba ta barin magana a ciki, kuma babu mai gonar da take shakka.

Suna ɗaya ne ba ya fita daga bakinta, shi ne Sa'idu. Sunan mijinta ke nan, kuma tun ranar da aka kai ta ɗakinsa har ya bar duniya Malam take ce masa. Sai Allah da ikonsa ya kawo wa autarta Bara'atu miji, shi ma Sa'idu. Abu ya zama biyu, ga sunan miji ga surukuta. Iya Gana ta raɗa masa Mai Sunan Malam, kowa ya bi ta a haka.

Shi Mai Sunan Malam dogo ne, mai raha a cikin maza, amma da ya hango surukarsa sai ka ce an zare masa laka. Shekara tara da auren bai taɓa kallon tsakiyar idonta ba. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ya yi gaisuwa ƙasa-ƙasa kamar da tururuwa yake magana. Wata rana sun yi kiciɓis a siririyar hanyar bakin kogi, babu wurin ratsewa, sai ya faɗa cikin ciyawar kacala, ya tsaya ruwa iya ƙugu har ta wuce. Iya Gana ta yi kamar ba ta gani ba. Sai da ta isa gida ta zauna ta yi dariya har da hawaye. Tana ƙaunarsa ƙwarai, don Bara'atu ba ta taɓa kawo ƙararsa ba.

Sana'arsa ce kawai ba ta kwanta mata ba. Feshi yake yi. Ya goya injin feshi a baya, daga wannan gona zuwa waccan, da 'yar riga mai gajeren hannu da silifa, ba abin da ya rufe hanci balle hannu. Ita kuwa ta san abin da yake goyo. Shekara goma sha ɗaya kafin nan, Malam ya shiga ɗakin ajiya zai sa wa wake maganin ƙwari na fiya-fiya, kwalbar ta kife masa a ƙirji. Ya ce ba komai, ya ƙarasa aikinsa da rigar a jiki. Da azahar ya fara amai da dalalar miyau. Maƙwabta suka ce a ba shi manja da nono, su ne ke kashe dafi, kuma ita da hannunta ta ɗura masa. Sai da la'asar aka kai shi asibiti. Bai ga magariba ba.

Ranar, wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ita a baranda ta ce mata ba laifinta ba ne, ba ta sani ba, amma ta riƙe wannan saboda wani: a cire wa mutum kayan nan take, a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, kada a ɗura masa komai a baki, a taho da shi da sauri tare da kwalbar maganin. Iya Gana ba ta yi boko ba, amma ta riƙe maganar nan kamar sunayen 'ya'yanta.

Sau da yawa ta aika Bara'atu ta gaya wa mijinta ya riƙa rufe jikinsa. Amsa ɗaya ke dawowa kullum: “Ya ce a gaida Iya, ya gode, zafi ne ya yi yawa.”

Wata ranar Talata, rani ya fara zafi, aiki ya haɗa su a gonar Alhaji Zarami. Mata goma sha biyu suna tsinkar tattasai ta gabas, Mai Sunan Malam yana feshin tumatir ta yamma, don tsutsa ta shiga. Injin ban-ruwa yana ta ruri a bakin kogi. Munzali direba ya ajiye akori-kurarsa a gindin mangwaro yana jiran buhuna su cika. Da hantsi buhunan mata suka ƙare, Iya Gana ta ce wa aminiyarta Zulfa su je su ɗebo wasu a mota. Hanyar kuwa ta gefen tumatir ta bi.

Mai Sunan Malam ya ɗago kai ya hango su sun kusa. Ya yi niyyar tuɓe takalmi, ya yi niyyar durƙusawa, ya yi niyyar ba da hanya, duka a lokaci guda. Ya ja da baya, dunduniyarsa ta daki kunyar tumatir, ya tafi rigingine. Murfin injin dama a tsage yake, da leda da roba ya ɗaure shi. Ya ɓalle. Ruwan magani fari kamar nono ya kwararo masa tun daga wuya har gadon baya, ya jiƙa riga, ya gangara cikin wando.

Zulfa ta tuntsire da dariya. Iya Gana ba ta yi ba, don warin ya riga ya iso hancinta, kuma ta san shi.

Shi kuwa ya zare hannuwansa daga igiyar injin, ya yunƙura ya durƙusa a cikin caɓin, kai a sunkuye.

“Barka da hantsi, Iya. An zo lafiya?”

Iya Gana ta kau da kai yadda ta saba, ta dubi Zulfa. “Zulfa, ce wa mutumin nan ya tuɓe rigar nan yanzu.”

Tsakaninsu bai fi taku uku ba, amma Zulfa ta gyara murya ta ce, “Kai mutumin nan, an ce ka tuɓe.”

“Baba Zulfa, a ce wa Iya ba komai. Ruwa ne ya fi yawa a ciki.”

“Ya ce ruwa ne.”

“Na ji, ba kurma ba ce ni. Ce masa ruwan ne ya kashe tsutsa.”

“An ce kai ma tsutsa ne babba.”

“Ban ce haka ba, Zulfa, ki bar wasa.”

Mai Sunan Malam ya ƙara sunkuyar da kai. Ya tuɓe riga a gaban surukarsa, ga sauran mata goma sun miƙe daga cikin tattasai suna kallo? Ya ce a yi masa afuwa, zai je gida ya yi wanka ya sake kaya. Gidan kuwa tafiyar awa guda ce a ƙasa. Ya ɗauki silifansa a hannu, ya ja da baya har ya yi nisa, sannan ya juya ya kama hanya.

Munzali ya ƙaraso yana girgiza kai. “Iya, ai tun safe abin nan yake yoyo a bayansa. Na yi masa magana ya ce gumi ne. Ɗazu ma kan injin ya toshe, da bakinsa ya hure shi.”

Iya Gana ta juya. Ta bi bayan surukin da kallo, karo na farko a shekara tara da ta dube shi sosai. Tafiyar ba tasa ba ce. Ƙafa tana harɗewa, ya tsaya ya tofar da miyau, ya yi taku huɗu ya sake tofarwa, ya sa hannu ya dafe ciki. Ta taɓa ganin wannan tafiyar a tsakar gidanta.

Zulfa ta ƙwala masa kira, “Mai Sunan Malam!” Bai waiwayo ba, sai ma ya ƙara sauri.

Iya Gana ta cika ƙirjinta da iska.

“Sa'idu!”

Fadama ta yi tsit, sai rurin inji. Wata daga cikin 'yan tsinka ta saki kwandonta. Zulfa ta dafe ƙirji ta ce, “La ilaha illallahu, yau Gana ta faɗa.”

“Sa'idu, tsaya nan! Ka ƙara taku ɗaya in zo in kayar da kai!”

Ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan ya zauna daɓas a kan hanya.

Ba wanda ya taɓa ganin Iya Gana tana gudu sai ranar. Tana tafe tana ba da umarni. Munzali ya jawo mesar ban-ruwa. Wata ta kawo sabulun da suke wanke hannu in an tashi, yana cikin ƙullin kayanta. Wata ta kwaso ledoji. Ta zura leda a kowane hannu har gwiwa, ta ɗaure, ta karɓi 'yar wuƙar yanka igiyar buhu a hannun Zulfa.

“Ba a nan ba,” ta ce da Munzali ya nufo da mesa. “Nan ruwan zai gangara kwalbati ya koma kogi, mutane na sha, ga kifi. Ku kama shi ku kai bakin ramin can.” Akwai wani tsohon rami da aka ɗebi ƙasa, nesa da ruwa. Munzali ya sa leda shi ma, suka ja shi can.

Da ta kama wuyan rigar, Mai Sunan Malam ya ƙanƙame ta da hannu biyu. Gumi yana tsattsafo masa, miyau yana zuba, amma bakinsa bai mutu ba.

“Iya, don Allah. Don girman Allah, Iya.”

“Rufe min baki. Na yi wa wanda ya girme ka wanka.”

Ba ta cire ta ta kai ba, kada maganin ya shafi fuskarsa. Ta sa wuƙa ta tsarge rigar tun daga wuya har ƙasa ta baya, ta zare ta kamar ana feɗe kifi, ta wurga cikin ramin. Ta juya ta dubi matan da suka yi cirko-cirko.

“Ku kuma kallon me kuke yi? Ku zo ku juya baya ku ware mayafanku.”

Mata goma sha ɗaya suka kewaye wurin, kowacce ta ba da baya ta buɗe mayafinta da hannu biyu, suka yi katanga mai launi-launi a tsakiyar fadama. Kafaɗunsu sai rawa suke yi, dariya na cin su, tsoro na cin su.

“Saura wando,” in ji Iya Gana. “Munzali, taimaka masa. Na juya baya, zan ƙirga uku. In na juyo yana nan, ni zan cire da kaina. Ɗaya.”

Ba ta kai biyu ba wando ya faɗa rami. Munzali ya rantse daga baya cewa bai ko taɓa shi ba, mara lafiyan ne ya yi abinsa da ƙarfin da ba a san daga ina ya zo ba. Aka yafa masa buhu a cinya, Munzali ya saki ruwa.

Ta fara daga kai. Ta cuɗa gashi, ta cuɗa bayan kunne, wuya, gadon baya, hammata, har ƙarƙashin farce. Ta sa ya buɗe ido aka zuba ruwa a hankali, ta sa ya kurkure baki ya zubar. Inda bai kamata ta kai hannu ba ta miƙa wa Munzali sabulu ta kau da kai, tana faɗa masa ya cuɗa da kyau, ba shafa mai aka ce ya yi ba. Mai Sunan Malam ya runtse ido gam, yana ta salati, ba a san na ciwo ba ne ko na abin da ya same shi.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Zarami a guje, babbar riga a kafaɗa, kwalbar manja a hannu ɗaya, ƙwaryar nono a ɗayan. Wurin mai abincin 'yan aiki ya karɓo manjan, nonon kuma ya tare wata mai talla a hanya. Ya kutsa ta tsakanin mayafai yana haki.

“Ku buɗe bakinsa! Maza a ɗura masa, ya amayar da shi!”

Iya Gana ta miƙe ta tare shi da ƙirji, kumfa har gwiwar hannu.

“Alhaji, koma da su.”

“Haba Iya Gana, wannan ai kowa ya sani. Tun kakanni manja ke kashe dafi.”

“Kakanni ba su san wannan dafin ba. In ka ɗura masa ya shaƙe, ya tafi huhu, kai za ka cire?”

“Gonata ce fa. In wani abu ya same shi ni za a tambaya.”

“Gonarka ce, surukina ne.” Muryarta ta sauka, har sai da matan suka daina motsi don su ji. “Ni na ɗura wa Malam manja da wannan hannun. Ludayi uku. Yana kallona yana haɗiya don kada in ji ba daɗi. Ba zan sake ba, kuma ba za a sake a gabana ba.”

Alhaji Zarami ya dubi kwalbar, ya dubi ƙwaryar, ya rasa inda zai ajiye su. Zulfa, ba tare da ta juyo ba, ta miƙo hannu ta baya.

“Kawo nonon nan, Alhaji, ni ban sha dafi ba.”

Har shi Alhajin sai da ya yi dariya. Iya Gana ta ce in yana son taimako ya nemo kwalbar da aka zuba maganin daga ciki, ya sa ta a leda biyu ya ƙulle.

“Kwalba kuma ta me? Ai ba komai a ciki.”

“Likita ba ɗan duba ba ne, Alhaji. Sai ya karanta ya san wanne ne.”

Ba ta bar wankan ba sai da sabulun ya zama ɗan siriri kamar ganye. Zulfa ta kwance zanin da take ɗaurawa a kan na jikinta saboda ƙura, mai manyan furanni ja da rawaya, aka ɗaura wa Mai Sunan Malam har ƙirji kamar mai jego. Aka shimfiɗa buhuna a bayan akori-kura. Iya Gana ta ce a kwantar da shi ta gefe, kada amai ya koma masa. Ta cire ledojin hannunta ta jefa rami, ta wanke hannu, ta ce wa matan kada kowa ya kusanci ramin nan ko injin da ya faɗi, sannan ta hau ta zauna daidai kansa. Zulfa ta hau. Alhaji ya shiga gaba da kwalba a leda, ya riƙe ta nesa da jiki kamar ya kamo kunama.

Hanyar fadama ba ta da kyau, Munzali kuwa bai tausaya wa motar ba. Tun suna jin Mai Sunan Malam yana salati har ya koma nishi, ƙirjinsa yana ƙara kamar ana tafasa ruwa. Iya Gana ta ɗaga fatar idonsa, ta ga baƙin ya tsuke ya zama kamar kan allura. Ta sa gefen mayafinta tana share masa miyau.

“Sa'idu, kada ka yi barci. Kana jina? Sa'idu.”

“Na'am, Iya.”

“Sa'idu, 'ya'yanka nawa?”

“Uku.”

“Faɗo su.”

Ya faɗo biyu, na ukun ya ɓace masa. Ta sake kiran sunansa. Sunan da ta yi shekara arba'in tana kewaye shi, ranar ta kira shi ya fi sau ɗari tsakanin gona da kwalta. Wani lokacin da tsawa, wani lokacin a hankali, har Zulfa ta lura ba kowane kira ne na wanda ke kwance ba. Ta dafa mata gwiwa.

Kafin azahar suka shiga asibiti a cikin gari. Ma'aikata suka fito da gadon turawa. Wani ma'aikacin jinya ya dubi ƙaton mutum cikin zani mai furanni, ya ce, “Me ya same shi?”

“Kunya ce,” in ji Zulfa.

“Wace irin kunya?”

“Duka biyun, ɗana. Ta gona ta kayar da shi, ta surukai ta hana shi tashi.”

Iya Gana ta ture ta gefe. “Maganin feshi ne. Tun safe yake zuba a bayansa, ya kuma hura da baki. Mun cire kaya, mun wanke shi da sabulu, ba mu ba shi komai ba. Ga kwalbar.”

Ma'aikacin ya karanta jikin kwalbar ta cikin leda, ya kira sunan wata allura da ƙarfi, aka shige da shi da gudu. Wata ma'aikaciya ta dawo ta duba idon Iya Gana da na Munzali, ta tambaye su ko suna jin jiri ko tashin zuciya, ta sa suka sake wanke hannu, ta karɓi mayafin da aka share miyau da shi ta ƙulle a leda.

Suka zauna a baranda. Bara'atu ta iso a kan babur, goyo a baya, ɗankwali a hannu, ta faɗa jikin uwarta tana kuka. Iya Gana ta ce ta yi shiru, ba a yi wa mai rai kuka. Amma ita kanta ba ta iya zama ba. Ta yi alwala ta yi azahar, ta dawo ta tsaya a jikin ginshiƙi tana kallon ƙofa. Duk wanda ya fito da farar riga sai ta bi shi da ido.

Ana kiran la'asar likita ya fito, wani siriri mai tabarau, yana goge hannu.

“Ina masu mai feshi?”

Suka taso gaba ɗaya.

“Miyau ya tsaya, ƙirjinsa ya washe. Ya sha allurai da yawa, kuma zai kwana uku ko huɗu muna dubawa, don irin wannan yakan dawo. Amma in sha Allahu ya tsallake. Wa ya yi masa wanka?”

Hannu huɗu suka nuna Iya Gana.

“Mama, ke ce mahaifiyarsa?”

“Surukarsa ce,” in ji Zulfa, tana jin daɗin faɗa.

Likita ya cire tabarau ya sake dubanta. “To, Mama, da an kawo shi da rigar nan a jiki, da wata maganar muke yi yanzu. Rabin aikin a gona kika gama shi.”

Zulfa ta rangaɗa guɗa a barandar asibiti har wani mai gadi ya zo ya ce a tuna akwai marasa lafiya. Alhaji Zarami ya yi ta hamdala yana share fuska da hannun riga. Iya Gana kuwa ta zame a jikin ginshiƙin ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da tafin hannu. Bara'atu ta ɗauka kuka take yi, ta durƙusa za ta rarrashe ta, sai ta ga kuka ne da dariya a haɗe.

“Ke,” in ji Iya Gana, “ki ga yadda ya cire wandon nan.”

Aka ce mutum biyu za su iya shiga. Bara'atu ta ja hannun uwarta. Yana kwance an sa masa ruwa, ya yi fayau, amma idonsa biyu. Yana hango wadda ke bayan matarsa ya kama bargo da hannun da ba allura, ya ja shi har saman kai. Daga ƙarƙashin bargon wata 'yar murya ta fito.

“Barka da yamma, Iya. An zo lafiya?”

Iya Gana ta kau da kai ta dubi bango. “Bara'atu, ce wa mutumin nan ya jiki.”

Kwanansa huɗu aka sallame shi. Kafin nan labari ya gama fadama, har masunta suna tambayar Munzali wane irin zani ne. Alhaji Zarami ya sa aka haƙa rami mai zurfi can kan tudu aka binne kayan da ƙasar da ta jiƙe. Ya sayo sabon inji, da safar hannu ta roba, da dogon takalmi, da abin rufe hanci. Ya ajiye jarka da sabulu a gindin mangwaro, ya ce na masu feshi ne, wanda ya wanke kwano da shi su haɗu. Iya Gana ta ƙara nata: ranar da ake feshi matanta ba sa shiga gona, ko ta wane ce. Masu gona suka yi gunaguni suka bi, don ba su da wata uwar 'yan tsinka. Masu feshi kuwa in sun hango ta tafe sai ka ga ana lalubar abin rufe hanci, wani ya ce wa wani, “Rufe, kada a yi maka wanka.”

Ranar Juma'ar mako na gaba da hantsi Bara'atu ta zo gida ita kaɗai da goyonta, da kwanon soyayyen kifi. Iya Gana tana tsakar gida tana shanya tattasai. Bara'atu ta gaishe ta, ta ajiye kwanon, ta yi ta murɗa bakin mayafi tana danne dariya.

“Ya jikin nasa?”

“Da sauƙi sosai. Jiya har tuwo ya ci, ya nemi ƙari. Shi ya aiko ni.”

“To?”

“Ya ce a gaya wa Iya, shi dai ba shi da bakin godiya. Ya ce ba zai ƙara goya injin nan ba sai ya rufe jikinsa, ko zafi zai narkar da shi. Kuma ya ce…” Dariyar ta ƙwace mata. “Ya ce don Allah a ɗaga masa ƙafa wata guda kafin ya zo gaisuwa. Wai ya taso sau biyu, yana kaiwa bakin lungun nan sai ƙafarsa ta ƙi.”

Iya Gana ta buɗe kwanon ta ɗauki kifi ɗaya, ta ɓare, ta sa wa jikanta 'yar tsoka a baki, ta ci sauran.

“Ki ce masa ya ɗauki shekara ma,” ta ce. “Ina nan, shi ma yana nan.”